Manhajojin makafi a Wikipedia: maganar wa za a kafa hujja da ita?

A watan Janairun 2025, hukumar FTC mai kare haƙƙin masu sayayya a Amurka ta sanar cewa kamfanin accessiBe zai biya dala miliyan 1 domin sasanta ƙarar da ta shigar a kansa. Zargi biyu ta yi masa. Na farko, kamfanin ya riƙa tallata cewa wata manhajarsa da ake liƙawa a shafin intanet za ta iya gyara kowane shafi ya dace da ƙa'idojin WCAG, wato ma'aunin da duniya ke bi wajen gane ko makaho da sauran masu buƙata ta musamman za su iya amfani da shafi. Na biyu, hukumar ta ce an tsara wasu rubuce-rubuce da sharhunan yabo ta yadda mai karatu zai ɗauka ra'ayin ƴan ba-ruwanmu ne, alhali akwai alaƙa tsakanin masu su da kamfanin, ba a kuma bayyana ta ba. A watan Afrilun shekarar aka tabbatar da hukuncin.

Zargi na biyun ne ya fi taɓa masu rubuta kundin sani na Wikipedia. Duk aikinsu ya ɗoru ne a kan madogara: ba a rubuta magana sai an nuna inda aka wallafa ta. Idan har kamfani zai iya saye wurin da ake wallafawar, to editan da ya yi aikinsa da gaskiya ma zai iya kwaso talla ya zuba a maƙala da sunan ilimi. Wanda zai kwana a ciki kuwa shi ne malamin makarantar makafi a Yamai ko Yawunde da ke neman abin da zai ɗora wa ɗalibansa a kwamfuta, da uban da ke shirin kashe kuɗin guminsa don ƴarsa ta ci gaba da karatu, da jami'in ma'aikatar da aka ba wa aikin sayen kayan aiki.

Abin da manhajojin suke yi

Manhajar karanta allo ita ce idon makaho a kwamfuta da wayar salula. Tana bin abin da ke kan allo, ta mayar da shi murya ko ta tura shi zuwa na'urar da ke fito da ɗigon rubutun Braille a ƙarƙashin yatsu. Mai amfani da ita ba ya buƙatar linzamin kwamfuta. Da maɓallai yake tsallakawa daga kanun labari zuwa wani, ya cike fom, ya rubuta wasiƙa, ya duba kuɗinsa a banki.

Sunaye biyu ne suka mamaye fagen a kan Windows. JAWS ta fito daga hannun Ted Henter, Ba'amurke ɗan tseren babur da ya rasa ganinsa a haɗarin mota a 1978. An fitar da ita don tsohon tsarin DOS a 1989, sannan ta Windows a 1995, kuma tun daga 2000 kamfanin Freedom Scientific ke sayar da ita. Lasisinta na ƙwararru ya haura dala 1,000, sama da jika 500 ke nan na kuɗin Sefa. Wanda bai biya ba yana iya gwada ta na minti 40, daga nan sai ya sake kunna kwamfutar. NVDA kuwa Michael Curran, makaho ɗan Ostireliya, ya fara rubuta ta a 2006, abokinsa James Teh ya mara masa baya, suka kafa ƙungiyar NV Access a 2007. Kyauta ake sauke ta, kuma kowa na iya duba yadda aka gina ta. Ban da su akwai VoiceOver da kamfanin Apple ya saka a kwamfutocinsa a 2005 da wayar iPhone a 2009, da TalkBack ta wayoyin Android, da Narrator da ke zuwa tare da Windows, da Orca ta tsarin Linux.

Yawan masu buƙatar irin waɗannan kayan ba kaɗan ba ne. Ƙididdigar da mujallar Lancet Global Health ta wallafa ta nuna akwai makafi kusan miliyan 43 a duniya a 2020. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na watan Mayun 2022 ya ce mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar aƙalla kayan tallafi guda, kusan biliyan 1 kuma ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 ne kawai na mabuƙata ke samu, a wasu masu arziki kuwa har kashi 90. A inda kuɗi ya yi ƙaranci, kuskuren zaɓi ɗaya na iya cinye kasafin shekara na makaranta guda.

Dokokin gidan

Wikipedia, wadda aka buɗe ranar 15 ga Janairun 2001, tana da ginshiƙan da kowane edita ke haddacewa. Dole a iya tabbatar da kowace magana daga abin da aka wallafa. Edita ba ya rubuta sakamakon bincikensa ko gwajinsa. Ba a ɗaukar ɓangare. Sannan kafin abu ya cancanci maƙala tasa ta kansa, sai madogarai masu inganci waɗanda ba su da alaƙa da shi sun yi magana a kansa da zurfi. Sashen Faransanci ya ƙara tsanantawa: a bisa ƙa'idarsa ta gama-gari, ana neman aƙalla rubutu ko shiri biyu da suka mayar da hankali a kan batun, daga kafofi masu faɗin ƙasa ko duniya, kuma tsakaninsu a samu tazarar shekara 2.

Shafin kamfani da littafin jagorar manhaja ba a hana su gaba ɗaya ba. Ana kafa hujja da su a kan abin da ba a jayayya a kai, kamar ranar da aka fitar da sabon zubi ko sunan wanda ya kafa kamfanin. Amma ba su isa su tabbatar da cewa manhajar ta fi wata sauri ba, ko ta fi yawan masu amfani, ko ta cancanci shiga kundin tun farko. Tun 2014 kuma sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia suka wajabta wa duk wanda ake biya don ya yi rubutu ya bayyana mai biyansa.

An kafa waɗannan dokoki ne saboda dalili. Kundin da kowa ke iya gyarawa, in babu su, zai koma allon talla. Matsalar ita ce an yanka su daidai da fagagen da ƴan jarida da marubuta littattafai ke yawan leƙawa, irin su siyasa, wasanni da fina-finai. Fasahar makafi ba ta cikin waɗannan. Sabuwar wayar hannu na samun sharhi a ɗaruruwan jaridu a makon da ta fito. Manhajar da dubban mutane ke cin abinci da ita kullum tana iya shekara 10 babu babbar jaridar da ta gwada ta. Dogon rahoton da mujallar The Verge ta wallafa a 2022 a kan tarihin manhajojin karanta allo ya yi suna a tsakanin masu bin fagen ne saboda irinsa ba ya da yawa, alhali a lokacin JAWS ta haura shekara 30.

Ilimin yana nan, amma ba inda ake nema ba

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda suka fi kowa sanin inda JAWS ke tuntuɓe da inda NVDA ke yin shiru su ne makafin da ke aiki da su tun safe har dare. Sai dai saninsu ya fi yawo ne ta murya: shirye-shiryen sauti da suke naɗa da kansu, zaurukan WhatsApp, darussan da wani ke koya wa wani a ɗakin kwamfuta. A ma'aunin Wikipedia duk wannan abu ne da mutum ya wallafa da kansa, babu editan da ya tace, don haka ba a kafa hujja da shi sai in mai maganar ƙwararre ne da wasu kafofi masu zaman kansu suka riga suka wallafa aikinsa a fagen.

Sakamakon ya zo a birkice. Ɗan jaridar da ke gani, wanda ya kunna manhajar na rabin yini ya rubuta labari, ya zama madogara. Makauniyar da ta shekara 15 tana koyar da ita ba ta zama ba. Shi kuwa irin wannan labari na rabin yini sau da yawa daga sanarwar kamfani ake tsamo shi, a ƙawata shi da kalmomin tausayi da mamaki, a bar tambayoyin da mai saye ke son amsarsu: tana aiki ba intanet? Tana cin caji? Tana karanta fom ɗin banki?

Akwai kuma matsalar ɓacewa. Window-Eyes, wadda ta daɗe tana gogayya da JAWS, an daina sayar da ita a 2017. Idan kamfani ya rufe ko wani ya haɗiye shi, shafukansa kan tafi tare da shi, sai abin da ma'ajiyar Internet Archive ta tsinta. Tarihin fasahar da ta buɗe wa makafi ƙofar aikin ofis yana zubewa a hankali, maƙalolin kuma suna cika da mahaɗan da ba sa kai mutum ko'ina.

Lamba ɗaya, fassara da yawa

Babu lambar da ake yawan ambatawa a wannan fage kamar ta binciken WebAIM, wata cibiya da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka, wadda ta fara jin ra'ayin masu amfani da manhajojin karanta allo a ƙarshen 2008. A zagayen 2019, kashi 40.6 cikin 100 na masu amsawa sun ce NVDA ce babbar manhajarsu a kwamfuta, JAWS ta samu 40.1. A 2021 JAWS ta haye zuwa 53.7, NVDA ta sauko 30.7. A zagaye na 10, wanda aka yi daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2024 da mutum 1,539, JAWS ta koma 40.5, NVDA 37.7.

Wanda ya ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin hoton kasuwar duniya zai ce a cikin shekara 2 makafi sun yi tururuwa zuwa JAWS, sannan suka juyo. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne waɗanda suka amsa tambayoyin ne suka bambanta daga zagaye zuwa zagaye. Cibiyar da kanta tana gargaɗin cewa ba ta zaɓi masu amsawa ta hanyar da za su wakilci kowa ba. Duk wanda ya ji labari ya ga dama shi ke shiga. Mafi yawansu daga Arewacin Amurka da Turai suke. Ko a cikin zagaye na 10, JAWS ce kan gaba a Arewacin Amurka, amma a tsakanin ƴan ƙalilan da suka amsa daga Afirka, Gabas ta Tsakiya da Asiya, NVDA ta yi mata nisa, abin da bai zama abin mamaki ba idan aka tuna farashi.

Binciken madogara ne mai kyau, muddin an faɗi iyakarsa. Editan da ya rubuta cewa kaza cikin 100 na mutum 1,539 da suka amsa binciken WebAIM sun zaɓi manhaja kaza ya faɗi gaskiya. Wanda ya rubuta cewa manhaja kaza ce aka fi amfani da ita a duniya ya ɗora wa madogarar kayan da ba ta ɗauka ba. Da yake maƙaloli da dama a ƙananan sassan Wikipedia, har da na Hausa, fassara ce daga Ingilishi, jimlar da ta karkace a can takan iso nan a karkace, kuma a nan masu dubawa sun fi ƙaranci.

Inda za a iya dafawa

Duk da haka fagen bai rasa madogarai ba. Mujallar AccessWorld ta gidauniyar makafi ta Amurka, AFB, tana gwada kayan fasaha tun 2000, kuma tana da editoci. Ƙungiyar makafi ta NFB na da mujallar Braille Monitor. A Ingila akwai RNIB. Ga masu karanta Faransanci, ƙungiyar Valentin Haüy, wadda aka kafa a 1889, tana da cibiyar CERTAM mai gwada na'urori da manhajoji ta wallafa sakamako. A ɓangaren jami'o'i akwai takardun taron ASSETS na ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, waɗanda masana ke tacewa kafin a buga, da taron CSUN na shekara-shekara a Kalifoniya. Takardun kotu da na hukumomi, kamar na shari'ar accessiBe, suna tabbatar da abin da aka zarga da abin da aka yanke.

Kowanne daga ciki yana da gefen da ya kamata a sa wa ido. Kasuwar ƙarama ce, kowa ya san kowa. Kamfanonin da ake gwada kayansu su ne sau da yawa ke ɗaukar nauyin tarukan, kuma jawabin da ma'aikacin kamfani ya gabatar a taro maganar kamfani ce ko da sunan jami'a na saman takardar. Wannan ba ya nufin ƙungiyoyin na sayar da bakinsu: a 2021 NFB ta soke tallafin accessiBe ga babban taronta, shekaru kafin hukumar FTC ta yi magana. Amma ƙungiyar fafutuka tana da matsaya, kuma hanyar da ta dace ita ce a jingina mata maganarta da sunanta. Takardun jami'a kuma kan gwada manhaja da mutum 10 ko 20, a kan zubin da wataƙila ya tsufa kafin a buga takardar. Dole maƙala ta faɗi shekarar gwajin da zubin da aka gwada.

Tambayoyi huɗu na rage kuskure. Wa ya rubuta, kuma wa ya biya shi? Akwai wanda ya tace kafin a wallafa? Makafi ne suka yi gwajin ko an yi shi a madadinsu? Sannan maganar da ake son kafawa, tana cikin madogarar da gaske ko edita ne ya hango ta? Rubutun da ya jera manhajoji 10 mafiya kyau, kowace da mahaɗin saye a ƙasanta, ya faɗi tun a tambayar farko.

Giɓin Hausa da Faransanci

A yankinmu matsalar ta ninku. Makaho a Nijar, Kamaru ko Chadi yakan yi karatu da aiki da Faransanci, ya yi hira da danginsa da Hausa, wani lokaci ya ƙara da Larabci ko Ingilishi. Abin da ya fi son sani shi ne yadda manhaja ke yi da waɗannan harsuna. NVDA, alal misali, an fassara ta zuwa harsuna sama da 50. Sai dai fassara umarnin manhaja daban, samun muryar da za ta karanta harshe daban. Manhajar na miƙa rubutu ne ga injin murya, shi ne ke furtawa. Idan injin na Faransanci ne aka ba shi saƙon Hausa, da ƙa'idojin Faransanci zai karanta shi. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin abin da aka koya masa. Ga shi rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, mai karatu ne ke rarrabewa daga ma'anar jimla.

Masu bincike sun fara taɓa wannan. Shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin Hausa, kuma a 2023 kamfanin Meta ya fitar da tsarin MMS mai furta rubutu a harsuna sama da 1,100, ciki har da Hausa. Amma abin da ke aiki a ɗakin bincike ba lallai ya zama muryar da ɗalibi zai ɗora a tsohuwar kwamfutarsa ba tare da intanet ba. Editan Wikipedia da ya gwada da kansa ya ji yadda injin ke tauna haruffan Hausa ba shi da izinin rubuta abin da kunnensa ya ji, domin binciken kansa ne. Sai wani ya fara wallafa shi a wurin da ake tacewa.

Masu sanin kuwa suna nan. Akwai makarantar makafi ta Soly Abdourahamane a Yamai da ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN. Akwai cibiyar CJARC a Yawunde, da makarantar Akropong a Gana, da ta Gindiri a jihar Filato ta Najeriya wadda aka buɗe tun 1953. Labaransu kan fito a kafofin watsa labarai ne a ranakun biki, kamar ranar Braille ta 4 ga Janairu ko ranar farar sanda ta 15 ga Oktoba, kuma akasari labarin rabon kaya ne da jawabin babban baƙo. Rediyo, wadda ita ce kafar da ta fi isa ga jama'ar Sahel, makafi kuma suka fi kowa riƙo da ita, tana iya zama madogara a Wikipedia, amma sai in an ajiye shirin a inda wani zai iya komawa ya saurara. Hirar da aka watsa da safe ta bi iska ba ta da amfani ga edita.

Ƙofar da ta yi wa makafi ƙunci

Da makafi da yawa na cikin editoci, da wani ɓangare na matsalar ya ragu, domin su suka san inda ake samun sahihin bayani. Sai dai matakin buɗe asusu a Wikipedia ya yi shekara da shekaru yana ɗauke da gwajin karkatattun haruffa a hoto, babu zaɓin saurare, ta yadda makaho sai ya nemi a buɗe masa ta wata hanya ta daban. Bayan ya shiga, madogaran kansu na iya tare shi: tsoffin jaridu da rahotannin hukumomi da yawa hotuna ne aka ɗauka aka adana a PDF, manhajar karanta allo kuma ba ta ganin komai a cikinsu sai an bi da su ta wata manhajar mai gane haruffa.

Mujallun ilimi na kuɗi ne. Ɗakin karatu na Wikipedia yana buɗe su kyauta ga editan da ya kai wata 6 da gyara 500, da gyara 10 a watan da ya gabata, amma sabon shiga bai kai nan ba. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta fara aiki a Satumbar 2016, ta halatta a mayar da littattafai zuwa sigar da makafi ke iya karantawa ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba. Mali na cikin ƙasashen farko da suka rattaba mata hannu suka tabbatar, Najeriya ta biyo baya a 2017. Doka ce mai amfani, sai dai ba ta samar da na'ura ko ma'aikacin da zai yi aikin.

Sabon ƙalubale: rubutun inji

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo ta ƙofa biyu. Ta farko, ta shiga manhajojin kansu. Be My Eyes, wadda aka fara a Denmark a 2015 don haɗa makaho da mai gani ta kyamarar waya, ta sanar a Maris ɗin 2023 cewa za ta yi amfani da GPT-4 wajen bayyana hoto. Seeing AI ta Microsoft, wadda ta fito a 2017, ita ma tana karanta takarda da bayyana abin da ke gaban mutum. Irin waɗannan suna sauyawa wata bayan wata, kuma sukan faɗi abin da babu shi cikin muryar da ba ta nuna shakka. Ga wanda ke son a karanta masa kwalin magani, sanin yawan kuskurensu magana ce ta rai, amma gwajin masu zaman kansu ba ya cimma saurin sanarwar kamfanoni.

Ƙofa ta biyu ita ce madogaran. Inji na iya zubo sharhin manhaja ɗari a yini, da sunayen marubutan da ba su taɓa wanzuwa ba. A watan Agustan 2025 editocin sashen Ingilishi suka amince a riƙa goge maƙalar da ta nuna alamun inji ne ya rubuta ta ba wanda ya duba, misali wadda ke ɗauke da madogaran ƙarya, ba tare da doguwar muhawara ba. Ƙananan sassa ba su da yawan masu gadin da za su yi haka. Tun da su kansu injinan daga Wikipedia suke koyon kaso mai yawa na abin da suke faɗa, kuskuren da ya shiga maƙala yana iya dawowa ta bakin manhajar da makaho ke yi wa tambaya a wayarsa.

Lokacin ma ya ƙara wa abin nauyi. Ranar 28 ga Yunin 2025 dokar Tarayyar Turai da ta wajabta wa bankuna, shagunan intanet da masu sayar da littattafan lantarki su buɗe ayyukansu ga masu buƙata ta musamman ta fara aiki. Sabuwar doka na nufin sabuwar kasuwa, da sabbin kamfanonin da ke alkawarin gyara komai cikin dare ɗaya. Tallansu na Faransanci ba ya tsayawa a iyakar Faransa. Yana isa ofisoshin Yamai da Njamena.

A sassauta doka ko a ƙirƙiro madogara?

Wasu na ganin mafita ita ce Wikipedia ta karɓi shaidar baki. An taɓa gwadawa: a 2011 wani shiri da Achal Prabhala ya jagoranta ya naɗi hirarraki a Indiya da Afirka ta Kudu don kafa hujja da su a kan abubuwan da ba a taɓa rubutawa ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin dokar da ta ce sai abin da aka buga tana fifita al'ummomin da ke da maɗaba'a. Amma manyan sassan kundin ba su rungumi tsarin ba, kuma a fagen da ake saye da sayarwa akwai dalilin yin taka-tsantsan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙofar da za a buɗe wa malamin makafi ya ba da shaida, ta nan wakilin kamfani zai shigo da tasa, kuma shi ya fi lokaci da kuɗi.

Hanyar da ta fi tabbas ta fi wahala: a mayar da sanin da ke bakin mutane ya zama abin da aka wallafa aka tace. Wannan aikin ƴan jarida ne kafin ya zama na editocin kundi. Jarida ko gidan rediyo na iya zaunar da makafi uku ko huɗu masu amfani da manhajoji daban-daban, a ba su saƙon Hausa ɗaya da fom ɗin Faransanci ɗaya, a rubuta sunan manhaja da zubinta da injin muryar da ranar gwaji, a wallafa abin da ya faru, a kuma ajiye shi a adireshin da ba zai ɓace ba. Sassan nazarin harsuna da na kwamfuta a jami'o'in Yamai, Maraɗi, Kano ko Ngaundere na iya ba ɗalibai irin wannan a matsayin aikin kammala karatu, su kuma saka shi a intanet a sigar da manhaja ke iya karantawa. Ƙungiyoyin makafi na iya buga rahoton shekara mai ɗauke da adadin waɗanda suka horar da manhajar da suka yi amfani da ita. Ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, kamar Nijar a 2008 da Najeriya a 2010, sun ɗauki alkawarin sauƙaƙa musu samun bayanai, don haka ma'aikatun da ke sayen kayan na da hurumin bayyana abin da suka saya da dalilin zaɓinsa.

Su kuma editocin Hausa da Faransanci, abin da ke hannunsu shi ne su buɗe madogarar da suka tarar a maƙalar Ingilishi su karanta kafin su fassara, su jingina kowace lamba ga mai ita da shekararta, su kuma gayyaci makafi zuwa tarukan horon da suke shiryawa, a matsayin masu rubutu. Gajeriyar maƙala mai layi 10 da kowanne ke da madogara ta fi amfani ga shugaban makarantar da ke riƙe da takardar sayen kaya a kan doguwa wadda rabinta daga sashen tallan kamfani ta fito.